Gadar Da Kowa Ya Ce Ba Tasa Ba Ce

Zuwa ga masu girma shugabannin ƙananan hukumomi biyu da Rafin Marke ya raba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi muku barka da aiki. Ni tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, na yi ritaya, ina zaune ni kaɗai a gidan marigayi mijina, yamma da rafin. Na haɗa ku a takarda ɗaya ne domin na bi ofisoshinku ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tura ni ɗayan.

Na farko. Na tashi a zamanin En'e, lokacin da gaɓa biyun ke ƙarƙashin hakimi ɗaya. Idan ruwa ya ci mashigi, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, a kira gayya a gyara. Daga baya ƙaramar hukuma ta zuba mana gadar siminti, ni na jera ɗalibaina suka yi waƙa ranar buɗe ta. Da aka raba ƙaramar hukumar gida biyu don a kawo mulki kusa da jama'a, na yi murna, har na koyar da amfanin hakan a aji. Ban lura da cewa rafinmu aka mayar iyaka ba.

Na biyu. Bariya, shekaru biyu ke nan, gadar ta karye. Na bi tsari yadda na koyar da shi: mai unguwa, dagaci, kansila, sannan sashen ayyuka. Na yamma suka ce ƙafar da ta zube ta gabas ce. Na tsallaka da rani, na gabas suka ce ba su suka gina ba, gādo ne na tsohuwar hukuma. Kansilanmu, wanda ni na riƙe hannunsa ya fara rubuta sunansa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce abin ya fi ƙarfin mazaɓa. Ladabinsa ya yi, amma ladabi ba ya ƙetarar da kowa.

Na uku. A gabas da rafin ƙanwata Saude take. Mu biyu muka rage a ɗakin mahaifiyarmu, kuma idonta ya tafi. Kowace Juma'a nakan je in yi mata kitso, mu yi hirar mutanen da babu mai tuna sunansu sai mu. Yanzu idan ruwa ya sauka, sai a zagaya ta garin Gaya, daga mota a hau babur, bayana kuwa ba ya ɗaukar babur. An ce in kira ta a waya. Waya ba ta kitso.

Na huɗu. Samari na goya mutane su ƙetarar da su, Allah Ya saka musu. Bara Saude ta kwanta ciwo, na zo bakin ruwa, wani ya sunkuya mini. Na dube shi, na dubi hayaƙin gidansu a ƙetare, na koma gida. Ban yi shekaruna ina tafiya da ƙafata ba don a ɗauke ni kamar buhun gero saboda hukumomi biyu sun kasa zama a tabarma ɗaya.

Ba na neman tallafi, ban taɓa nema ba. Ina roƙon ku zo da injiniyoyinku da hakimanku, kowa ya tsaya a gaɓarsa. Rafin bai da faɗi, za ku ji muryar juna. Ku yanke wanda zai gyara kafin ruwa ya sauka.

Idan kuma hakan ta gagara, bana zan haɗiye girmana in hau bayan, domin Saude ba ta da damina da yawa da za ta jira. Na so a ce bayan goyon mahaifiyata, ɗauka ɗaya ce ta rage mini, ta makara zuwa kushewa.

Allah Ya yi muku jagora, Ya sa ku gama lafiya, kada Ya bar ku ku kaɗai a tsufanku.

Wassalam.

Malama Hadizatu,
daga yammacin rafi.