Mai Tsaron Jarrabawarka

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, malamina tun kafin wani ya kira ni malama.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewar muryarka har ta fara jin ta a cikin ƙarar fanka. Ina ka shige, abin ƙaunata? Na kira wayarka har ta gaji da ni. Na aika saƙo, na ga alamar ka karanta, ka yi gum. Haba, Farfesa! Wannan sunan da 'yan ajinmu suka laƙaba maka ma yanzu na san zafi yake yi maka, amma ni ban iya kiranka da wani ba.

Ka tuna ranar da na zauna a bayan ɗakin zane ina kuka saboda lissafin ƙarfin gini ya ƙi shiga kaina? Ka zo da kofunan shayi biyu, ka shanye naka, ka shanye nawa ba kunya, sannan ka kife su a kan tebur, ka ɗora rulata a kansu kamar gada. Ka danna tsakiyarta da ɗan yatsa, ka ce in kalli inda take lanƙwasawa, in daina kallon fuskarka. Na kalli rular, na gane abin da malami ya yi wata guda yana faɗa ban gane ba. Fuskar kuma ban daina kallo ba har yau. Rabin ajinmu a bakinka suka koyi wannan kwas ɗin. Mu muka haye, mu 'yan koyonka, kai aka bari a baya. Wace irin ƙaddara ce wannan?

Ni ce a bayanka a zaman farko na jarrabawar kwas ɗin, don haka babu abin da za ka ɓoye mini. Ana raba takardu na ga ƙeyarka ta jiƙe. Na ga biro a hannunka yana rawa kamar ganye a iska, na ga ka rubuta layi ka soke, ka sake rubutawa ka soke, har aka ce a ajiye. Kanka cike yake da amsa, hannunka ne ya ci amanarka. A zama na biyu ina jiranka a gindin matakala, ka fito kana murmushi, ka ce komai lafiya. Na yi kamar na yarda, domin idanunka sun roƙe ni in yarda.

Yanzu ga zama na uku, na ƙarshe. Wanda ya faɗi wannan karon sai sallama daga sashen gaba ɗaya, shekarun nan duk su bi ruwa. Baba kuma ka san maganarsa ɗaya ce, ya ce ranar da ka kammala ka turo manyanka, kafin nan kada ya ji tarin kowa a ƙofar gidansa. A kan wannan takarda ɗaya aka rataye karatunka da aurenmu.

Wayyo ni! Da aka riƙe ni a sashen a matsayin mataimakiyar malami, kai ne ka fi kowa murna, har ka saya mini jan biro, ka ce in ji tausayin bayin Allah. Wa ya gaya mana cewa ƙananan malamai ake bar wa tsaron jarrabawar maimaitawa, saboda manya duk sun tafi hutu? Da na ga sunana a allon sanarwa, a ɗakin da za ka zauna, ban tsaya wata-wata ba. Na ruga wurin shugaban sashe, na sunkuyar da kai, na faɗa masa abin da ke tsakaninmu. Ya zare tabarau ya dube ni, ya ce, "'Yata, in na cire duk mai masoyi a ɗakin nan, kujeru ne za su tsare mini jarrabawa? Ki tsaya a baya, kada ki karɓi takardarsa, shi ke nan. Kuma ki sani kina zaman gwaji ne, wanda ya ƙi aiki ba na tabbatar da shi." Na bi abokan aikina ɗaya bayan ɗaya ina roƙon musaya. Kowa da nasa ɗakin a wannan lokacin.

Sai na zo maka da labarin ina dariya, wai ko za mu mai da shi wasa. Ba ka yi dariya ba. Ka ce, "Zan iya faɗuwa a gaban duniya, amma ban da gabanki. In kina ciki ba zan shiga ba." Na ce zan tsaya can ƙurya, in juya wa aji baya, in yi ta kallon bango kamar wadda aka sa horo. Ka ce, "Ƙarar takalminki ma na sani." Ka juya ka tafi, ka bar ni a tsaye da makullin ofis a hannu. Tun ranar ban sake ganinka ba.

Na yi fushi da kai, kada ka ɗauka ban yi ba. Na ce a raina wannan wane irin girman kai ne, mutum ya jefar da rayuwarsa don kada mace ta ga gumin goshinsa? Ni ba na gani ba tun tuni? Na ƙi ka ne? Amma fushina da kai ba ya kwana, ya masoyi, kamar raɓa yake, hantsi na yi ya bushe. Abin da ya rage bayansa tsoro ne zalla.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yau da safe na ajiye aikin. Na miƙa makulli ga sakatariyar sashe, ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, a kan namiji? Namijin ma da bai ci jarrabawa ba?" Na ce mata, "Anti, shi ya koya mini abin da aka ɗauke ni in koyar." Ta girgiza kai ta jefa makullin a durowa. Mama ba ta sani ba tukuna, tana nan tana gaya wa maƙwabta 'yarta malamar jami'a ce. Baba kuwa ban ma san ta inda zan fara ba.

Ba zan yaudare ka ba, hasken raina. Ban ce za ka ci ba. Na san hannunka, na san wannan ɗakin mai dogayen tebura da agogon bango, na san yadda yake shanye ka. Har ma ina tsoron abin da na yi ya ƙara jagula maka lissafi, ka zauna kana tuna aikin da na bari maimakon tambayar da ke gabanka. Watakila na zubar da nawa ne ban tsira da naka ba. Na auna wannan duka, na ga babu haske ta ko'ina, na zaɓi duhun da aƙalla za ka iya shiga ɗakin a cikinsa.

Don Allah ka je. Ka je ka zauna, ka rubuta sunanka, ka yi rawar hannunka son ranka, babu idon da zai gan ka wanda ka damu da shi. In ka faɗi, ka faɗi da biro a hannu. Ni dai ina nan, in Baba ya buɗe ƙofa, ni taka ce, in ya rufe ba zan zama ta wani da zuciya ɗaya ba har in koma ga Mahaliccina.

Ranar jarrabawar ina gida, ina taya Mama wanki a tsakar gida, ina sauraron faɗan da na jawo wa kaina. Na bar ɗakin domin ka shiga, kuma saboda na bar shi, ba ni da hanyar sanin ko ka zo.

Taka, wadda ba ta da wani sai kai,
ɗalibarka ta bayan ɗakin zane.