Kuben da Sani Ya Bari

Birnin Kudu, daren Laraba, 1975

Yau wata biyu ke nan da rasuwar ɗana Sani. Bayan an tashi daga makaranta na tafi Gwaram da kuben wuƙar da ya fara bai gama ba, domin Malam Idi baduku ya koya mini kafa ƙusoshin tagulla. Ya jujjuya fatar, sannan ya ce, "Hedimasta, ai wannan yankan bahago ne, da hagu za a zaro wuƙar. In juya maka shi?"

Shekara shida na yi ina bugun hannun yaron nan da rula har ya koma rubutu da dama, na kuma ɗauka na gyara shi.

Na ce a bar shi yadda mai shi ya yanka. Ni na huda, ni na buga. Ƙusa biyu sun karkace, babban yatsana ya kumbura.

Mahaifiyarsa ta duba kuben, ta ce ta daɗe da sanin bai daina aiki da hagu ba. Ban tambaye ta abin da ya hana ta gaya mini ba, domin na san amsar.