Minti Biyu na Kawu Tamimu

Highbridge, 4 ga Maris

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Damagaram. Yaya ƙafar taka? Ga magani na ba Abdoulaye, zai tashi daga filin jirgin saman JFK ranar Lahadi, shi zai miƙa maka wannan takarda tunda ka ce saƙon murya ba wasiƙa ba ne.

Baba, raina a ɓace yake. Majalisar gari na muhawara kan wani ƙudurin doka na ƙera sababbin jiragen fito masu ɗaukar motoci, daga ɓangarenmu zuwa unguwar Queens da ke ƙetaren ruwa. Direbobinmu masu kai fasinja filin jirgi sai murna suke, sun gaji da cunkoson gada. Ni ma ba na ƙin jirgin. Amma a taswirar da aka fitar, layin da motoci za su jira ya bi ta kan ginin da nake koyar da yara Hausa ranar Asabar. Yara talatin da huɗu, Baba, waɗanda a da in ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, yanzu har karin magana suke jefa mini. In aka rushe ginin, ban san wani ɗaki da za a ba mu ba.

Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, kowa minti biyu. Na rubuta bayanin ƙungiyarmu ta Hausawan nan, na karanta da agogo har ya zauna daidai. Da muka taru a masallaci sai aka ce ba a tura yarinya gaban hukuma alhali ga manya. Shekarata talatin da takwas! Aka zaɓi amininka, Kawu Tamimu mai shago a Fordham Road, ni kuma in yi masa tafinta. Na faɗa masa minti biyu ne kacal. Ya ce shi da ya yi magana gaban gwamnoni ba ni zan koya masa ba.

Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Zalia

Highbridge, 19 ga Maris

Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Inna, ina fatan maganin ya karɓe ka.

An yi zaman. Da aka kira sunan Kawu, ya tashi cikin babbar riga, ya bar takardata a kan kujera. Ya gaida shugabar kwamiti, ya tambaye ta gajiya, ya tambaye ta iyali, ya yi mata barka da sanyi. Ina fassarawa ina nuna masa agogon bango da ido. Ya koma kan na kusa da ita. Su bakwai ne, Baba, kuma bai ga dalilin da zai gaida wani ya bar wani ba. Yana kan na biyar ƙararrawa ta buga. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sa wannan aiki da suka sa a gaba ya kammalu lafiya, sai aka kashe makirufo. Ya yi ta ƙwanƙwasa shi yana cewa in gaya musu abinsu ya lalace.

Laifina a nan shi ne na fassara addu'ar kamar yadda ya yi ta. Ka koya mini tafinta ba ya ƙari ba ya ragi. Jiya aka fitar da rahoton zaman, ga sunan ƙungiyarmu cikin masu goyon baya ba tare da wani sharaɗi ba. Direbobi har shayi suka saya wa Kawu. Shi kuwa cewa yake mutanen nan ba su da tarbiyya, ana gaisuwa suna duba agogo.

Saura zama ɗaya. Na rubuta sunana cikin masu magana, ban shawarci kowa ba. Na san abin da za ka ce, shi ya sa ban gaya maka ba sai da na rubuta.

Taka,
Zalia

Highbridge, 10 ga Afrilu

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na ji an ce ka fara takawa masallaci ba sanda, alhamdulillahi.

Na yi maganar. Kawu ya zo ya zauna a layin gaba, ni kuma na wuce ta gabansa ban tsaya ba, don an riga an kira ni, agogo na tafiya. Ban gaida kowa ba. Na ce rahoton farko kuskure ne, muna son jirgi amma ba a kan ajinmu ba, kuma akwai tsohon sito da ba kowa a ciki, titi biyu daga nan. Wata cikin 'yan kwamitin ta tambaye ni lambar titin ta rubuta. Shekaranjiya suka gyara ƙudurin, layin motoci ya koma wajen siton. Ajinmu ya tsira.

Sai dai ranar Asabar kujeru uku ba kowa. Kawu ya hana jikokinsa zuwa. Ya aiko matarsa ta gaya mini wadda ta wuce shi kamar turken fitila gaban Turawa ba za ta koya wa jininsa ladabi ba. Ƙaramarsu, Ikram, ita ce ta fi kowa son karatu, saura shafi huɗu ta gama littafinta na farko.

Haushi nake ji har yanzu, don ban ga inda na yi kuskure ba, amma na san yadda abin ya yi masa. Kada ka kira shi, Baba, ni na ɓata masa rai. Ranar Juma'a bayan an sauko zan je shagon da goro, in durƙusa a gaban masu sayayya, in gaishe shi da duk danginsa ɗaya bayan ɗaya. Ba zan tashi ba sai ya ce yaran su dawo.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai ƙaunarka,
Zalia