Jar Fatar da Ke Bangon Jirgin

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau Ikram ta dawo daga makaranta da waya a hannu tana haki. "Baba, ba aikinka ba ne wannan?" Hoton falon wani jirgin ruwa ne, irin na shaƙatawar manyan attajirai. Bangonsa duk jar fata. Sai da na kai wayar dab da hancina, don idanuna sun fara yi mini gardama. Nawa ne. Ni da marigayi Yaya Tanko muka yi shi a zauren nan na unguwar Soron Ɗinki, shekara goma sha biyar ke nan. Wani ɗan Lebanon ne ya kawo awo, bai ce mana na jirgi ba ne. Wata goma sha ɗaya muna kai.

Ƙarƙashin hoton an rubuta: aikin dukawan Maroko.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ikram ta karanto mini tarihin jirgin. A Holan aka ƙera shi, hawa biyar, tsawonsa ya kai daga ƙofarmu zuwa masallaci. Wani Bagirike ne ya fara mallakarsa, ya sa masa sunan matarsa. Suka rabu, ya sayar wa wani ɗan Rasha, shi kuma ya canza suna ya ƙara wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. Yanzu wani Balarabe ya saya. Kowa ya zo sai ya rushe wani abu, amma babu wanda ya taɓa bangon nan. Ni da ko a dam ɗin Tiga ban taɓa shiga kwalekwale ba, hannuna ya zaga duniya.

Kamfanin da ke gyara jirgin na cigiyar wanda ya yi fatar, gefe ɗaya ya lalace. In ba su same shi ba za su cire duka.

Juma'a, 17 ga Mayu

Mun aika wa kamfanin saƙo cewa aikina ne. Ban iya cin tuwo ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Sun amsa cikin ladabi. Mutum shida sun ce aikinsu ne, huɗu daga Maroko. Suna son shaida: sa hannu a jikin fatar, ko hatimi, ko hoto.

Babanmu ya hana mu sa suna a jikin aiki. Ya ce riya ce, wai wanda ya san sana'a zai gane hannu. Duk dukawan gidanmu haka suka tashi. To, waɗanda suka san hannuna suna maƙabarta. Ɗan Lebanon ɗin ma ya mutu. Allah Ya jiƙan Baba, amma yau na ji haushinsa, kuma na ji kunyar jin haushin.

Talata, 4 ga Yuni

Na ce bari in yi musu samfur su gwada. Na jiƙa karan dafi na rina fatar, jan ya fito yadda nake so. Zanen ne ya ƙi. Sau uku basilla tana kauce wa layi ban gani ba, sai da yatsana ya gaya mini. Ikram ta ce, "Ya yi kyau, Baba." Ba ta iya ƙarya ba, uwarta ta ɗauko. Haka muka ɗauki hoto muka aika.

Talata, 18 ga Yuni

Fatun layya sun cika majema. Ban je ba.

Lahadi, 23 ga Yuni

Sun ce samfurin bai kai ingancin na asali ba. Gaskiya suka faɗa, shi ya fi ciwo. Mai jirgin ya gaji da jira, za a sa farin dutse. Na ce Ikram ta tambaye su ko za su aiko mini da ko tafin hannu ɗaya na abin da suka cire. Babu amsa.

Litinin, 8 ga Yuli

An yi ruwa da safe. Na gyara wa wata mata, Hajo, zip ɗin jaka.

Malam Sule maƙwabcina ya leƙo zaure da surukinsa, wai surukin ya zo ya ga bawan Allahn da ya yi wa jirgin attajirai ado. Ikram ta miƙo wayar. Na duba, ja kawai nake gani, ba zane.

Na ce, "Yarinya ce ta ruɗe, Malam. Aikin mutanen Maroko ne."

Ikram ta shige cikin gida. Ban ji nauyin faɗar hakan ba ko kaɗan.