Na Yi Wa Motar Baba Juye, Ta Koma Shan Baƙin Mai

Kawu mai filin shawara, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure.

Wata huɗu ke nan da na kammala digiri a kimiyyar sinadarai. Kafin aiki ya samu, Baba ya miƙa mini makullin a-kori-kurarsa, wadda ta girme ni da shekara uku. Da ita muke ɗauko abincin kaji, da ita muke kai ƙwai kasuwa. Idon Baba ne ya yi rauni ya daina tuƙi, amma kunnensa garau. Kullum da safe yana kan benci a bakin rumfar da muke ajiye ta. In na tayar, sai ya karkata kai ya saurara, sannan ya ɗaga mini hannu in tafi. Injin nan shi ya sauke shi ya ɗaure da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma bai taɓa yarda wani ya kwance shi ba.

Da lokacin juyen baƙin mai ya yi, sai na ce bari in yi abu bisa ilimi. Na yi bincike a waya, na sayo baƙin mai na zamani, tsinkakke, mai lamba 5W-30. Mai shagon ya so ya ba ni mai kauri, har na yi masa bayanin sinadarai kamar ina aji. Kunyar wannan ma ta ishe ni.

Bayan mako biyu wani mai babur ya tsayar da ni a danja, ya tambaye ni ko shara nake ƙonawa a bayan mota. Na leƙa madubi, sai ga hayaƙi yana tashi a bayana. Tun daga ranar nake awo kowace safiya kafin in tayar, a wuri mai daidai. Lita guda take sha a kilomita ɗari huɗu da goma. Hayaƙin shuɗi-shuɗi ne, ya fi yawa a tashin safe na kamar daƙiƙa arba'in, sai ya ragu, ya kuma dawo in na gangaro gangare na sake taka totur. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta kwana uku, ko ɗigo babu. Ruwan lagireto bai ragu ba. Filogi na biyu da na uku sun yi baƙi, sun jiƙe.

Bakanike na farko ko bonet bai buɗe ba ya ce ringin cikin injin sun mutu. Na biyu ya ce in daina wahala, a ɗora mata inji na hannu. Yayana ya goyi bayansa, har yana son a sa na dizal daga wata mota daban, a gaya wa Baba an kai ta fenti.

Abin da ya gama kashe mini jiki shi ne ranar da na shiga ɗakin ajiyar Baba neman sifana. Na tarar da galan-galan a jere, duk fanko, duk na mai kauri, 20W-50. Inna ta ce ai tun da ya ɗaure injin wannan yake zuba mata. Kawu, ashe ni na kashe ta? Yanzu Baba ya daina ɗaga mini hannu. Yana dai zaune, yana jan hanci, bai ce komai ba. In sauya injin ne, ko in gyara? Kuma ta ina zan fara gaya masa?

Autan gida

AMSA

Auta, sassauta wa kanka. Ba ka kashe inji ba. Mai tsinkakke ba ya cinye ƙarfe cikin mako biyu, asiri kawai yake tonawa. Injin ya tsufa, mahaifinka ya sani, shi ya sa yake lallaɓa shi da mai kauri. Kuskurenka ɗaya ne: ka tambayi waya, alhali mai motar yana zaune kan benci kusa da kai.

Awon da ka yi kuwa ya fi na bakanikenka biyu. Hayaƙin tashin safe da na bayan gangare sun fi nuna robobin bawul, waɗanda ke bushewa su bar mai ya zurara yayin da mota ke tsaye. Ban ce ringi lafiya suke ba, amma wanda bai buɗe bonet ba duba yake yi, ba gyara ba. Ka mayar da man da ta saba, ka sauya filogi, a wanke ɗan bawul ɗin da inji ke numfashi ta cikinsa, don toshewarsa kaɗai tana sa shan mai. Sai ka ci gaba da awonka na kilomita dubu. A kuma gwada ƙarfin matsin kowace silinda a gabanka. Wadda ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan mai a sake gwadawa. In ta tashi sosai, ringi ne. In duk huɗun sun yi kusa da juna, aikin saman inji ne kawai.

Yayanka ba mugunta yake nufi ba. Kaji ba sa jiran gareji, kuma in gangar injin ta cinye, sauyi ya fi saurin mayar da ku hanya. Sai dai inji na hannu kaya ne a buhu, ba ka san wahalar da ya sha ba. In ta kama dole, ku nemi irin nata sak, ku ji shi yana aiki kafin a ɗora, a kuma gyara lambarsa a takardu. Na dizal kuwa zai ja muku sauya giya, da mazaunin inji, da wayoyi, da tanki. Wannan gina wata mota ce, ba gyara ba.

Maganar fenti ku bar ta tun yanzu. Dattijon nan ya rasa tuƙi, kada ku ƙara masa da rasa ta-cewa a kan abin da ya haɗa da hannunsa. Shirun da yake yi jiranka yake. Gobe kafin ka taɓa makulli, ka zauna kusa da shi, ka faɗa masa man da ka zuba, ka karanta masa awonka, sannan ka tambaye shi wane bakanike ya yarda ya taɓa ta. Zai yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha. Ranar gwaji kuma ku tafi da shi gareji, a ba shi kujera a gaba.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kawo maka aiki mai albarka.

Kawu