Zuwa ga 'Yar Guri, Mai Zaman Harɗe

Assalamu alaikum, 'Yar Guri. Ina gaishe ki gaisuwar da ba za a amsa ba. Na san idonki ba zai sauka kan takardar nan ba, amma na jiƙa tawada, kuma babu wanda nake son gaya wa sai ke.

Ruwa ya janye daga fadama. An yanke shinkafa, ta yi kyau bana. Masunta suna ta ƙyafe tarwaɗa, ayarin Borno kuma ya wuce shekaranjiya. Auta ta haihu, mace, an sa mata sunanki.

Kin tuna yadda kike zama a gindin tsamiya kina saƙa tabarma? Ƙafar dama kan ta hagu, kullum haka, daga hantsi har la'asar, kaba jiƙaƙƙa a gefenki. Tun kina amarya har kika yi furfura ba ki taɓa sauya ƙafa ba. A hankali ƙugunki ya karkace, kafaɗar hagu ta sauka, bayanki ya ranƙwafa. In kin miƙe sai kin dafa itacen, ki tsaya jim kafin ki taka. Ni kuwa dariya nake yi, ina ce miki kwalekwalen da aka yi wa lodi gefe guda. Kina murmushi. Ashe zafi yake miki?

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Sau uku kika roƙe ni in sa masassaƙi ya yi miki 'yar kujera. Kowane karo sai in ce bari ruwa ya janye. Ruwa ya yi ta zuwa yana janyewa. Matan da suka yi miki wanka sun ce gwiwarki ta dama ba ta miƙe sosai ba, haka aka sa ki a likkafani. Ranar nan na kasa cin tuwo. Ki yafe mini.

Ni ma zaman buzu ya kama ni. Shekarun da na yi a tanƙwashe ina rubutu sun taru a gwiwoyina, yanzu a zaune nake salla. Wa zai shafa mini man kaɗanya yana yi mini tsiya?

Na sa an sassaƙa wa Auta kujerar, na ce ta riƙa miƙe ƙafa tana tashi lokaci-lokaci. Jiya na leƙa gidanta. Ta ɗora ƙwaryar kaba a kan kujerar, ita kuma tana ƙasa a harɗe, dama kan hagu, kai a karkace. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na kasa. Na tsaya a bakin danga ina kallonta har jaririyar ta farka.

Gobe zan koma in yi faɗan. Wannan karon ba zan jira ruwa ba.

Allah Ya yalwata miki makwanci, ki miƙe ki huta.

Mijinki da bai gama kewarki ba,
Bukar mai rubutu, daga Haɗeja