Rijiyarmu da karatun ruwa

Faransa, Maris 1985

Yaya Nomau,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai sanyi, na kusa sabawa.

Ka ce Inna ta hana a ƙara wa rijiyarmu ta Gangara zurfi, wai a jira ni tunda ruwa nake karantawa. Yaya, aikina shi ne in sanyaya ruwa ƙwarai, in auna yadda ƙwayoyinsa ke ratsa juna cikin ƙanƙara. Wata shida ina bin ɗigon da ba zai jiƙa harshen akuya ba. Ban iya haƙa ba.

Ku kira Gajere mai haƙar rijiya tun ba ta ƙafe ba. Ka ce wa Inna ni na aiko shi.

Allah ya kawo damina.

Ƙaninka,
Shu'aibu